Dajin da Inna ta ce lambu ne

Da na gaya wa Inna cewa ranar Talata za mu kai yara daji, sai ta ajiye carbi a cinya ta yi mini kallon da ta saba yi mini tun ina 'yar firamare, idan na zo da maganar da ba ta da kai.

"Daji? Da jaririyar wata biyar? Me kuka rasa a gida?"

Ban ga laifinta ba. Wata biyar ke nan da zuwanta Leeds daga Kano don ta taya ni jego, kuma a kunnen wanda bai daɗe da barin gida ba, kalmar daji ba ta zuwa da alheri. A da macizai ne da ƙaya da iskokai, yanzu kuma ga masu bindiga sun ƙaru. Baban yara ya durƙusa gefe, kansa a ƙasa, yana yi mata bayani cewa wannan dajin har keken jarirai ake turawa a cikinsa. Ta ce, "To, Allah ya sa alheri." Irin to ɗin nan da ke nufin za mu gani.

Hutun mako guda ne na ƙarshen Mayu, ga yara uku a gida mai ɗaki biyu, ga Inna saura mata kwana shida ta koma, ba ta ga komai na Ingila ba sai asibiti da kanti da tagar falonmu. Bara mun gwada hawan wani tsauni da manyan biyun, muka sha wuya: ba mu yi rabin hanya ba namijin ya zauna a ƙasa ya ce ƙafarsa ta mutu, haka muka sauko da shi a kafaɗa muna harararar juna. Wata abokiyar aikina, nas ce mai jikoki, ita ta ba ni shawarar da ta yi mana rana. Ta ce in da ƙananan yara za ki fita, ki nemi ƙaramin tafki mai hanyar da ta kewaye shi. Yaro ba ya jure tafiyar da bai ga ƙarshenta ba. A bakin ƙaramin tafki kuwa, duk inda ya tsaya yana hango inda ya taso da inda zai koma, ga ruwa a gefensa yana ɗebe masa kewa. Ta rubuta mini suna a bayan wata takarda: Tarn Hows.

Daga Leeds muka kama hanyar Skipton da Settle, muka ratsa Kendal, muka gangara Windermere, sannan Ambleside. Awa biyu da rabi ake cewa, mu mun yi kusan huɗu, saboda tsayawar shayarwa da fitsari da wani amai da ba sai na faɗi mai shi ba. Yankin nan na arewa maso yammacin Ingila shi ne Lake District, wato ƙasar tafkuna. Tun 1951 aka keɓe shi a matsayin gandun ƙasa, a 2017 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya. Inna duk wannan bai dame ta ba. Katangu ta zuba wa ido. Duwatsu ne aka jera wani kan wani, ba laka ba siminti, sun hau tsauni sun sauka sun sake hawa har iya ganinka.

"Malam, wannan duk hannun mutum ne ya jera?"

"Hannu ne, Inna. Wasu sun fi shekara ɗari biyu a tsaye."

Ta yi shiru, sannan ta ce mutanen nan iyayensu sun sha aiki.

Tumakin ne suka fara sa ta dariya. Irin da ake kira Herdwick ne, gajeru, masu kaurin ƙafa, jiki toka-toka, fuska fara kamar an shafa musu alli. 'Ya'yansu kuwa baƙaƙe ƙirin ake haifar su, sai suna girma launin ke washewa. Makiyayan wurin suna sakinsu a kan tsaunuka ba shinge, kowace tunkiya ta san iyakar inda uwarta ta yi kiwo, ba ta wucewa. Babbar Sallah saura kwana goma, don haka Inna da idon mai sayen ragon layya take kallonsu. Hukuncinta bai ɗauki lokaci ba: "Gashi ne ya yi yawa. In aka aske ba abin da zai rage."

Hanyar da ke hawa zuwa Tarn Hows daga wajen Hawkshead siririya ce ƙwarai, in mota biyu suka haɗu sai ɗaya ta ja da baya. Wurin ajiye motoci na biya ne, akwai banɗaki a nan, kuma gara kowa ya shiga kafin a tashi, don in aka fara zagayen babu wani sai an dawo. Kafin ƙarfe goma muka isa, muka sami wuri a sauƙaƙe. Da muka fito da rana, motoci ne a jere suna jiran wani ya tashi.

Daga wurin motocin ba a ganin komai. Sai an tsallaka titi an ɗan taka tudu, sannan wurin ke buɗewa gaba ɗaya. Ruwa ne kwance cikin kwari, ya yi lanƙwasa nan ya yi lungu can, da 'yan tsibirai a tsakiya masu dogayen bishiyoyi, ga itatuwa sun rufe gefensa har bakin ruwa, can baya kuma tsaunuka sun tsaya shuɗi-shuɗi. Yaran suka ruga. Ni na tsaya na rasa abin cewa. Inna ta gyara mayafi a kan rigar sanyin da muka tilasta mata sawa, ta daɗe tana dubawa daga dama zuwa hagu, kamar mai duba kayan lefe.

"Ke 'yar nan, wannan ne dajin?"

"Shi ne, Inna."

"Wannan ai lambu ne. Lambun wani mai kuɗi. Dubi yadda aka zaunar da bishiyoyin can a bakin ruwa. Allah ba ya shuka a jere haka don a kalla."

Na buɗe baki zan yi gardama, sai Baban yara, wanda ya riga ya karanta tarihin wurin a daren jiya, ya yi murmushi ya ce Inna ta faɗi daidai. Da can ƙananan kududdufai uku ne a nan cikin fadama. Wani attajiri mai suna James Garth Marshall, bayan ƙasar ta zama tasa gaba ɗaya a 1862, shi ya sa aka yi 'yar madatsa a bakin na ƙasan, ruwa ya taru ya haɗe ukun suka zama tafki ɗaya, ya kuma sa aka dasa dubban itatuwa a inda yake so ido ya sauka. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mutumin ɗan garinmu ne. Ya wakilci Leeds a majalisar dokoki daga 1847 zuwa 1852, kuma dukiyar gidansu daga masaƙar lilin ta fito. Mahaifinsa ne ya gina Temple Works a unguwar Holbeck, ginin nan mai fuskar haikalin Fir'aunan Masar, wanda aka shuka ciyawa a rufinsa har tumaki suka yi kiwo a kai. Sau nawa na wuce ta gabansa a bas ban ko ɗaga kai ba. A masaƙun lilin na wancan zamani yara ƙanana na cikin masu aiki, cikin ƙura da tururi, tun asuba. Na dubi 'yata mai shekara shida tana tsalle a kan ciyawa, na yi lissafin da bai kamata uwa ta yi ba ranar hutu, na kawar da kai.

Inna dai ta ci gardama tun ba a fara ba, kuma ba ta bari mun manta ba har muka bar yankin.

Zagayen bai kai mil biyu ba, kimanin kilomita uku. Babba shi kaɗai zai gama cikin awa ɗaya ko ƙasa da haka. Mu awa biyu da rabi muka yi, kuma ba mu yi nawa ba a ganina. Hanyar an daddaɓe ta da tsakuwa, tana da faɗin da keken jarirai zai bi ba wahala, sai dai kada a ce maka shimfiɗaɗɗa ce duka. Akwai hawa biyu ko uku da sai da Baban yara ya sa ƙarfi, akwai gangaren da sai an riƙe keken da kyau. Hukumar da ke kula da wurin, National Trust, tana ba masu ciwon ƙafa aron wani keken lantarki mai ƙafa huɗu da suke kira Tramper, in an nema tun da wuri. Na so in nema wa Inna saboda gwiwarta, ta ce ita ba gurguwa ba ce. Da wani tsohon Bature ya zo ya wuce mu a kai, hula a karkace, yana ɗaga mana hannu kamar hakimi a hawan Sallah, na ga ta bi shi da kallo har ya sha kwana. Ban ce komai ba. Ita ma ba ta ce ba.

Hagu muka bi, muka fara da madatsar. In ba a nuna maka ba, ba za ka san madatsa ba ce, 'yar gada kawai za ka gani da ruwa na zuba ta ƙarƙashi. Wanda ya san madatsar Tiga ta Kano sai ya yi dariya. Ruwan yana gangarawa cikin wani kwazazzabo da ake kira Tom Gill, inda yake faɗowa daga kan duwatsu, amma hanyar can tana da santsi da tsayi, ba ta masu goyo ba ce. Muka bar ta.

Daga nan aka shiga inuwa. Ƙasa ta yi laushi da busasshen ganye mai kama da allura, iska na ƙamshin ɗanyen katako. Yawancin dogayen bishiyoyin dangin nan ne masu ganyen allura, har da wata da suke kira larch, wadda ita kaɗai a cikinsu take zubar da ganye in sanyi ya zo. Nan da can za ka ga kututture da manyan itatuwa a kwance saiwa a sama. Guguwar da aka sa wa suna Arwen, ta watan Nuwamban 2021, ta kayar da itatuwa masu yawa a wannan yanki. Ga yara, kowane faɗaɗɗen itace abin hawa ne. Namijin, wanda Inna ke kira angonta, ya hau ya sauka ya sake hawa, ya tsinci sanda ya yar ya tsinci wadda ta fi, ya tsaya ya yi wa wata ƙatuwar dodon koɗi marar gida jawabi. Yaron da bara ƙafarsa ta mutu, yau sai da na riƙa kiransa ya dawo.

A nan na gane abin da abokiyar aikina take nufi. Da ya fara ƙunƙuni, sai Baban yara ya durƙusa daidai tsayinsa ya nuna masa tsallaken ruwa. "Ka ga tudun can mai ciyawa? Daga can muka taso. Ka ga bishiyar can? In mun kai can za mu ci cincin." Yaro ya duba, ya auna da idonsa, ya yarda. Ba a yi masa ƙaryar nan ta "saura kaɗan" da aka yi mana muna yara a hanyar gona ba, don shi ma yana gani. Haka muka riƙa yanka tafiyar gunduwa-gunduwa, daga benci zuwa lungu, daga lungu zuwa ƙofa. Ƙofofin ma wasa ne: ƙa'idar wurin ita ce ka bar ƙofa yadda ka same ta saboda dabbobi, sai babbar ta naɗa kanta mai gadi, ita ke buɗewa ita ke rufewa, tana ƙirga mu kamar awaki.

Ita Inna tafiyarta daban ce. Ba ta kallon tsauni, ƙasa take kallo. A wani lungu da ruwa ya kwanta ta tsaya cak.

"Kai! Bado!"

Ganyensa ne shimfiɗe a kan ruwa, fure bai buɗe ba tukuna. Ta tambaya ko mutanen nan suna ci. Na ce ban taɓa ji ba. Ta girgiza kai, ta shiga ba jikokinta labarin yadda suke shiga tafkin bayan gari suna 'yan mata su ciro shi, da yadda ya ceci mutane a shekarar yunwa. Babbar, kishiyarta, ta ce ita ma za ta shiga ta ciro. Ba a shiga ruwan Tarn Hows, ba wanka ba kwalekwale, don tun 1965 aka sa wurin cikin waɗanda doka ta kare saboda tsirrai da halittun da ke ciki. Amma ko da ana shiga, Inna ta riga ta kafa tata dokar: ba mai matsawa bakin ruwa sai ya yi bisimilla, kuma hannunsa na cikin nata. Lambu ne ko daji, ruwa ruwa ne, kuma a cewarta kowane ruwa da masu shi. Daga inda ta yarda su tsuguna suka ga talibambam baƙi-baƙi suna kaɗa wutsiya, mazari kuma na shawagi a kansu.

Kusa da hanya akwai wani kututture da ya ba mu mamaki. Jikinsa duk kuɗi ne, sulalla ɗaruruwa an buga su da dutse sun nutse cikin itacen, sun lanƙwashe sun yi tsatsa, kamar ɓawon kifi. Masu yawo ne ke bugawa don neman sa'a. Babbar ta miƙo hannu in ba ta kwabo. Inna ta fizge ta.

"A'uzubillahi. Ashe su ma suna yi. Da a ƙauyenmu aka ga wannan, da tuni an ce jahilci ne."

Kwabon dai ya tafi wajen mai askirim a ƙarshen zagaye.

A can ƙarshen tafkin, inda hanya ke juyowa, muka tarar da shanu. Baƙaƙe ne masu gashi buzu-buzu, kowace da farin ɗamara a tsakiyar jiki kamar an ɗaura mata rawani a ciki. Belted Galloway ake kiransu, asalinsu daga Sikotilan. An sa su ne su riƙa cin ciyawa da ƙananan tsirrai don kada wurin ya cushe. Ba ƙaho, ba tozo. Inna ta ce in Bafulatani ya ga wannan sai ya yi kuka. Ba su kula mu ba, amma mun ba su hanya sosai, don saniya mai ɗan maraƙi ko a ina ba abar wasa ba ce.

Ɓangaren dawowa ya fi tudu, itatuwa sun ja baya, ana kallon tafkin daga sama. A nan muka shimfiɗa tabarmar roba muka buɗe kula. Shawarata ga duk wanda zai zo da iyali irin namu: ya taho da abincinsa. Ƙauyukan nan ba a samun naman halal a sauƙaƙe, in ba kifi da dankali za ka yi ta ci ba. Mu dafa-duka muka yi tun asuba, da dambun naman da Inna ta kwana tana daka mana, da shayi mai citta a fulas. Muka yi Azahar da La'asar a haɗe, ƙasaru, a kan ciyawa. Masu wucewa suka riƙa rage murya suna kauce mana, ba wanda ya tsaya kallo. Abin da za a yi hattara da shi karnuka ne. Kusan kowane iyali da nasu, yawanci a ɗaure da igiya saboda tumaki, amma wani ɗan ƙarami ya taho da gudu zai shinshina dardumar Inna, mai shi na biye tana ba da haƙuri kamar za ta yi kuka. Inna ta naɗe dardumarta ta sa a hammata, ba ta sake shimfiɗa ta ba sai da ta tabbatar ba kare a iya ganinta.

Muna shan shayi Baban yara ya ƙarasa tarihin. A 1930 gidan Marshall suka sayar da ƙasar, kusan eka 4,000, da gonaki da tafkin duka. Wadda ta saya mace ce, Beatrix Potter, mai rubuta littattafan yara, wadda ta zuba kuɗin littattafanta a gonaki da kiwon tumakin nan na Herdwick. Fam 15,000 ta biya, don kada a yayyanka wurin a sayar wa masu gine-gine. Ta sayar wa National Trust rabi, rabin da tafkin ke ciki, sauran kuma ta bar musu wasiyya, ya koma hannunsu bayan rasuwarta a 1943. Inna ta tambaya ko tana da 'ya'ya. Aka ce ba ta haihu ba. Ta jinjina kai ta ce, "Shi ya sa ta bar wa 'ya'yan kowa." Sannan ta ce a zuba mata ƙarin shayi.

A hanyar komawa masauki mun wuce wani ƙaramin tafkin a bakin titin Coniston zuwa Ambleside, Yew Tree Tarn. Ba mu tsaya ba, yara sun yi barci. Shi ma tare rafi aka yi aka same shi, don kiwon kifi. Ban gaya wa Inna ba, don kada abin ya yi mata yawa.

Da dare, wajen wanka, na ga wani ɗan baƙin ɗigo a bayan gwiwar namijin. Kaska ce, ƙarama kamar ƙwayar riɗi. Tana zama cikin dogayen ciyayi inda tumaki da barewa ke bi, kuma a ƙasar nan wasu na ɗauke da cutar da ake kira Lyme. Inna ta ce a kawo man shafawa ko a ɗosa mata ashana, yadda ake yi wa ta jikin akuya. Na ce a'a, wannan aikina ne. Da ɗan ƙarfen cire kaska, wanda ake sayarwa a kantin magani, ake kama ta daf da fata a zare ta a hankali ba tare da an matse cikinta ba, a wanke wurin, sannan a sa ido na 'yan makonni ko jan zobe zai fito ko zazzaɓi. Bai fito ba, alhamdulillahi. Tun daga ranar, wando cikin safa, kuma kowa sai an duba shi kafin ya kwanta.

Kashegari da yayyafi muka tashi. Na so mu zauna, Baban yara ya ce in ana jiran rana a Lake District sai hutu ya ƙare. Muka sa rigunan ruwa muka nufi kudu, wajen ƙarshen tafkin Windermere, ƙauyen Finsthwaite, inda wani tafki yake a saman tudu cikin itatuwa, High Dam.

Wannan ba ta keken jarirai ba ce. Daga wurin motoci hawa ne cikin duwatsu da saiwoyi, rafi na gudu a gefe. Muka tsaya muna shawara, sai Inna ta kwance zanen da ta yafa, ta sunkuya, ta ce a ɗora mata jaririyar. Na ce gwiwarki fa. Ta ce gwiwar ta goyi bakwai. A ƙarshe dai ni na goya, ita ta ɗaure mini, ta ja ta ƙulle irin ɗaurin da ko gudu na yi ba zai motsa ba. Wasu mata biyu da muka haɗu da su, ɗaya da jakar goyo mai igiyoyi da maɓallai kamar ta sojan laima, suka tsaya suna tambaya yadda ƙyalle ɗaya ke riƙe yaro. Inna ba ta jin Turanci, amma ta gane ana yaba aikinta, ta juya ni kamar 'yar tsana tana nuna musu ƙullin.

Hawan ya ɗauke mu kusan rabin awa da tsaye-tsaye. Ana fara isa wani ƙaramin ruwa, sannan babban. Shiru wurin yake, ba taron jiya, hazo na kwance a kan ruwa, gansakuka ta rufe duwatsu, ga bado nan ma. A can ƙarshe inda ƙasa ke da taɓo an shimfiɗa katako ana bi ta kai, abin da yaran suka fi so ke nan, suna buga ƙafa yana amsawa. Na matsa kusa da Inna.

"To wannan fa? Shi ma lambu ne?"

Ba ta amsa ba. Ta taka zuwa gindin wata bishiya, ta nuna da sandar da angonta ya ba ta. Daga kututture ɗaya rassa shida ne suka tashi, kowanne miƙaƙƙe, kaurinsu ɗaya. Ta nuna ta gaba, ita ma haka. Ta gaba ma haka.

"An sare waɗannan sun sake toho. Ba sau ɗaya ba. Haka kalgo da sabara suke yi a gona in an sassabe su. Wannan gonar itace ce."

Sunan wurin ma ya riga ya tona asiri, ga kuma katangar madatsar da muke tsaye a kai. An tare ruwan ne don ya juya injinan wata masana'anta da ke ƙasan tudun, Stott Park, wadda aka gina a 1835 ta yi aiki har 1971. Itatuwan kuwa sarewa ake yi daga gindi duk bayan shekara goma sha wani abu, su sake fitowa sanda-sanda, a kai masana'antar. Yanzu gidan tarihi ce, ana zagayawa da baƙi, injinan na aiki. Da muka shiga muna ɗigar ruwa, mai yi mana bayani ya ɗauki guntun itace ya kafa a inji, ɓawo ya yi ta tashi, cikin ƙiftawar ido ya miƙo wani ɗan abu mai rami a tsakiya da baki a kowane gefe. Ina ta neman yadda zan fassara wa Inna, sai ta riga ni.

"Kwarkwaro ne."

Shi ne kuwa. Abin naɗe zare. Masaƙun auduga na Lankasha suna cin miliyoyinsa, kuma wannan yanki mai itace da ruwa shi ke yi musu. A lokacin da kasuwa ke ci, wannan masana'anta kaɗai tana fitar da kusan 250,000 a mako, maza da yara maza na aiki cikin ɓawon itace har gwiwa, wanda shi ne ke ɗumama musu ƙafa da sanyi. Yadin da aka saƙa da zaren, wani ya bi jirgin ruwa har ƙasashenmu. Inna ta ce tana yarinya akoko na shigowa kasuwa yana karya farashin saƙin gida, kakarta mai kaɗi da mazari tana tsine masa. Ta juya kwarkwaron a tafin hannu, ta leƙa ramin, ta gwada shi da ɗan yatsa. Ta ce a saya mata biyu, ɗaya na ƙanwarta.

A mota yara suka yi barci tun ba mu kai Kendal ba, takalma cike da taɓo, aljihu cike da tsakuwa. Inna ta ce in danna mata wayar, za ta aika saƙon murya gida. Na danna na miƙa mata. Ta yi sallama, ta gaida kowa da sunansa har da maƙwabta, sannan ta gyara murya.

"Sun ce daji za su kai ni. Kwana biyu muna yawo ban ga daji ba, duk inda muka je wani ya riga ya gyara. Amma akwai bado, ba mai ci. Ku gaya wa Malam ya riƙe mini ragon nan da muka yi magana, kada ya sayar. Na nan duk gashi ne."